Ciyawar Teku da Kwanon Baba Salim

Sunana Habu, amma a Yakasai ba wanda zai gane ni sai an ce Habu Mai Harawa. Na haura shekara hamsin. Tun ina saurayi sana'ata ɗaya ce: da damina in yanko ɗanyar ciyawa, da rani in saro harawa da dusa, in bi lungunan cikin birni ina kai wa masu kiwon raguna. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Wannan rubutu da hannuna na yi shi, a ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu, Malaminmu ya gyara mini inda alƙalami ya zame. Abin da ya zaunar da ni a benci da furfura a gemu yana cikin labarin, sai a bi ni a hankali.

Ba zan tsaya a kan yadda na bar gida ba. Wani Alhaji mai kai mutane aiki waje, a wajen Ƙofar Kabuga, ya ce ana neman waɗanda suka san ciyawa a wata ƙasar Larabawa. Bai yi ƙarya ba, rabin maganar kawai ya faɗa. Na sa laujena a ƙasan jaka na tafi.

Zangon farko filin jirgi ne. Muna fitowa wani mutum ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya karɓe fasfo ɗinmu, ya zuba a leda, bai ko dubi fuskokinmu ba. Aka loda mu a mota. Wuni guda muna tafiya tsakanin duwatsu da yashi, ban ga ganye ko na magani ba. Da la'asar motar ta tsaya gaban wasu ɗakunan kwano a bakin ruwa. Ni ruwan da na sani shi ne na Tiga da kududdufan birni. Wannan kuwa ba shi da ɗaya gaɓar.

A nan na haɗu da Idrisa, mutumin Chadi, wanda ya riga mu zuwa da daɗewa. Yana jin Larabci, yana jin Hausa, shi ya zama bakina da kunnena har na bar ƙasar. Duk maganar da za ku ji na ce na yi da mutanen can, ta bakinsa ta bi.

Na ce masa, "Malam, ina gonar?"

Ya nuna teku da haɓa. "Ga ta nan gabanka, Bakano."

"Wannan ai ruwa ne."

"To ka jira shi ya tafi. Sau biyu yake fita yawo kullum, ya dawo."

Na ɗauka zolaya ce. Washegari da hantsi ruwan ya ja da baya, ya yi nisa, sai ga ta a kwance, kore shar, iya ganin ido. Dogayen ganye kamar na albasa amma masu faɗi, duk sun kwanta gefe guda kamar an taje su. Ƙananan kifaye suna wulƙawa a tsakani, ƙaguwa tana gudu a karkace. Matan wani ƙauyen masunta da ke kusa suka shigo da kwanduna suna tsintar abin miya, tsofaffi suna duba kejin kifin da suka kafa. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, abin da ya fara zo mini shi ne yawan ragunan da wannan fili zai ƙosar kafin babbar salla.

Ranar aka tara mu, sababbin zuwa. Wata mata 'yar ƙasar, Dakta Huda, ta shigo ruwan da dogayen takalman roba da mayafinta. Ita ce masaniyar ciyawar. Ta kafa wani bututu a ƙasa, ta danna, ta zaro shi cike da baƙin taɓo, ta miƙa mana mu taɓa.

Ta ce hayaƙin motoci da na masana'antu yana taruwa a sama, shi ke ƙara wa duniya zafi, shi ke rikita damina. Ta ce wannan ciyawa tana shan iskar hayaƙin nan, wadda suke kira kabon, ta gina jikinta da ita. In ganye ya mutu ya faɗi, saiwoyi su riƙe shi, taɓo ya rufe, ya zauna a nan tun zamanin kakannin kakanni. Ta ce, "Ganyen da kuke gani rufi ne kawai. Rumbun yana ƙasa. In aka tuge saiwa, rumbu ya fashe, abin da ke ciki ya koma sama."

Wannan na gane shi sarai, don na san rumbu. Abin da ya yi mini wuya shi ne na gaba. Wai kamfanin da ya ɗauko mu zai shuka sabuwar ciyawa, ya tsare tsohuwar, a auna hayaƙin da ta adana, a rubuta a takarda. Takardar ake sayar wa masu masana'antu a ƙasashe masu nisa, su ci gaba da hura hayaƙinsu, su ce ai an shanye musu shi a wani wuri.

Idrisa ya gama fassara, ya rage murya ya ƙara nasa. "Wato attajiri ya sha azumi da rana tsaka, ya ce ya ɗauki wani yana yi masa."

Na ce, "Ai ba a yi wa mai rai azumi."

"A addini ba. Wannan kasuwa ce."

Dakta ta tambayi abin da muke wa dariya. Da Idrisa ya gaya mata, ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ta ce, "Ciyawar gaskiya ce, ita na tsaya wa. Takardar ba ni na ƙirƙiro ta ba."

Zango na biyu shi ne aikin kansa, kuma shi ya fi tsawo. Ruwa na janyewa za mu shiga tsohon filin ciyawar, mu tugo ciyawa da saiwarta, mu ɗaure kowace a jikin lanƙwasasshen ƙarfe, mu kai wani fili da aka kewaye da igiya, mu kafa a yashi layi-layi. Filin yana kusa da inda ake haƙa tashar jiragen ruwa ta wani babban otal. Injin haƙar yana ta dama ruwa, ya mai da shi kamar kunu. Dashen ya yi kwanaki, ganye ya yi ja, ya yi baƙi, ya tafi. Sai ƙarafa a tsaye kamar kaburbura.

Da dashen farko ya mutu na haƙura, don baƙo ne ni. A karo na biyu na ce wa Idrisa ya raka ni wurin Manaja. Manaja ba ɗan ƙasar ba ne shi ma. Kullum yana cikin baƙin tabarau, kuma ban taɓa ganin ƙafarsa ta jiƙe ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ciyawa ita ke zaɓar wurinta. Inda ba ta fito da kanta ba, akwai dalili. Nan rana ba ta isa ƙasa, ruwan ya yi kauri. A can bayan dutsen na ga tana ƙoƙarin yaɗuwa, a bi ta can."

Ya ce taswira ta ce nan.

Na ce wa Idrisa, "Tambaye shi, taswirar ta taɓa tsiro?"

Idrisa ya ce, "Wannan kam ba zan fassara ba. Ina da 'ya'ya."

Daga baya na gane dalilin taswirar. Nan ne mota ke iya zuwa har baki. In baƙi za su zo, sai a sa mu sake dasa filin kwana biyu kafin ranar. Su iso da fararen takalma, su tsaya a kan katako, a ba kowa tsiro ɗaya ya miƙa mana mu kafa, a tafa, a ɗauki hoto. Bayan mako ba ko ganye. Sau nawa muka dasa filin nan, na daina riƙewa. Abin da ke ci mini rai ba wahalar ba ce, na saba da wahala. Kullum muna yage lafiyayyen fili muna kai wa kabari, kuma kowa ya sani.

Ranar da waya ta shiga sai in kira maiɗakina, Hajara. Ba maganarta kaɗai nake saurare ba, har abin da ke bayanta: kukan ragon maƙwabta, dakan da ake yi a tsakar gida, babur yana neman hanya a lungu.

Ta ce, "Malam, wai da gaske a cikin ruwa kake noma? Na gaya wa mutane suna yi mini dariya."

"Da gaske ne."

"To me ake ci a ciki?"

"Ba a ci. Ajiya take yi."

Sannan ta ce, "Alhaji Bukar na Koki ya aiko. Ya ce harawar wanda ya gaje ka rabi yashi ce, ka dawo."



Gishiri ya cinye mini tsakanin yatsun ƙafa, har alwala ta zama azaba. Wata Juma'a a masallacin ƙauyen, wani tsoho ya tsaya yana kallon yadda nake wanke ƙafa ina cije leɓe. Siriri ne, rana ta baƙanta shi, gemunsa fari fat. Baba Salim ke nan, masunci, mai kejin kifi a cikin tsohon filin. Bayan salla ya kama hannuna kamar ya san ni, ya kai ni gidansa. Ya kwaɓa lalle da kansa, ya cusa mini tsakanin yatsu, ya naɗe da tsumma. Ya nuna mini da hannu cewa haka masunta ke yi, fata ta yi tauri.

Na koma ɗaki da jan ƙafa. Idrisa ya duba ya ce, "Barka, amarya. Yaushe za a kai ki?" Mako guda ban huta da bakinsa ba. Amma ƙafa ta warke.

Daga ranar, kowace Juma'a Baba Salim zai zo har ƙofar ɗakinmu da wani shuɗin kwano mai murfi, bakinsa duk ya ɓantare. A ciki shinkafa da kifi da busasshen lemon tsami. Ya ajiye, ya dafa ƙirji, ya tafi. Mu da muka gaji da burodi da wake, ranar ce sallarmu.

To a nan matsalar ta faro. Mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta, ta raine mu a kan cewa kwanon maƙwabci ba ya komawa da iska a ciki. Ko ƙwayar gyaɗa ce, ka jefa. Makon farko na saka ragowar goron da na zo da shi. Na biyu na saka sabulu. Na uku na saka hulata ta zita. Daga nan ba ni da komai, don kantin mafi kusa sai an shiga mota, mu kuma ba a barinmu mu wuce ƙauyen. Na mayar da kwanon wayam sau biyu, ina jin kamar na yi sata.

Akwai wata akuya a gidan Baba Salim. Duk haƙarƙarinta a waje. A ƙasar da ba ganye, kwali take ci da busasshen kan kifi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ciyar da dabbobi ba zai ga haka ya yi barci ba. Na ce a raina, ga ciyawa har ta yi yawa, ga akuya tana cin kwali, ga ni da lauje. Gishirin da ke jikinta bai dame ni ba, ai mu ma kanwa muke ba raguna. Ba wanda ya taɓa ce mana kada a yanka. Ta yaya ma zan yi zaton laifi ne, mu da muke tuge ta da saiwa kullum da umarnin kamfani?

Ranar hutu da safe na shiga tsohon filin. Na yanka yadda na koya tun ina yaro: a bar tsawon yatsu huɗu daga ƙasa, kada a girgiza saiwa, don ta sake tohowa. Na ma ga kunkurun teku haka yake kiwonsa, ya datse sama ya wuce. Wurin da na yanka bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, kuma na yi shi tsaf, kusurwa huɗu, don ba na son aikin ƙazanta. Na wanke ta da ruwan wankana, na shanya a bayan ɗaki, na ɗaure dami mai kyau. Na ɗora a ka, na cika kwanon da ita har murfi ya ƙi rufuwa, na nufi gidan Baba.

Ya buɗe kwano, ya dube ni, ya dubi damin. Da Idrisa ya yi masa bayani, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Aka kai wa akuya. Ta sansana, ta yi atishawa, ta juya ta koma kan kwalinta.

Idrisa ya ce, "Bakano, ka rasa ciniki."

Baba Salim ya ga fuskata, sai ya daina dariya. Ya ce kyauta ba ta faɗuwa ƙasa. Ya warware damin ya shimfiɗa a kan rumfar akuyar, ya ce ga inuwa ta samu.

Zango na uku gajere ne, amma shi ne mai ƙaya. Kamfanin yana da ɗan jirgin nan mai kyamara da ake tuƙawa daga ƙasa. Ya tashi ya ga wurin da na yanka, kusurwa huɗu, a fili ba aikin kunkuru ba ne. Masu gadi suka shiga ƙauye gida-gida, suka ga ciyawa a kan rumfar Baba. Aka ɗauki hotonsa, da rumfar, da akuyar a ƙarƙashi. Kafin mako ya zagayo an ja igiya mai jajayen ƙwallaye an kewaye tsohon filin gaba ɗaya, an kafa allo. Ba shiga da kwando, ba kafa keji, ba ko taka ƙafa. Filin da suka gada tun kakanni.

Da aka tambayi Baba wa ya yanka, sai ya ce, "A gidana kuka gan ta." Bai ƙara ba.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Kwana biyar na yi ban ce komai ba. Idrisa ya ce, "Ka kama bakinka. Shi ɗan ƙasa ne, ba inda za a kora shi. Kai fasfonka ma ba ya hannunka." Na ga hujjarsa. Na tuna Hajara da yara. Amma kullum in ruwa ya janye, sai matan ƙauyen su zo su tsaya a bayan igiya da kwandunansu, suna kallonmu muna tugar ciyawa a ciki. Mu an yarda mana, don muna da rigar kamfani.

Juma'a ta zo. Ina zaune, sai ga Baba Salim da shuɗin kwano. Ya ajiye, ya dafa ƙirji, ya juya. Na buɗe. Shinkafa ce gaya, ba kifi.

Washegari na ɗauki laujena na ce wa Idrisa ya taso. Ya ce, "Inna lillahi," amma ya taso.

Na ajiye laujen a kan teburin Manaja. Na ce ni na yanka, da wannan, ranar kaza, saboda akuya. Na yi zaton zai daka mini tsawa. Sai ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Ya ce ni mutumin kirki ne, ina so in rufa wa abokina asiri.

Na ce, "Ba rufi ba ne. Mu je in nuna yadda na yanka, a gwada da wurin."

Ya ce rahoto ya riga ya tafi.

"To a aika wani ya bi shi."

Ya yi murmushi. Ya ce maganar baki ba ta shiga fayil, in ina da magana in rubuta. Ya turo farar takarda da biro gabana. Ya san da dangwalen yatsa na shiga aikinsa. Na dubi Idrisa, ya sunkuyar da kai, shi ma ba ya rubutu. Takardar nan ta zauna a tsakaninmu, fara tas. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina kamar ranar ba. Manaja ya buɗe aljihun tebur ya saka laujena, ya ce mu koma aiki.

Na sami Dakta Huda a bakin ruwa tana wanke bututunta. Na gaya mata komai. Ta ce ta sani, ta je ta duba wurin, saiwa ko ɗaya ba ta motsa ba, kuma ta rubuta haka, an ajiye nata rahoton a gefe.

Na ce, "To me ya sa ba sa son gaskiyar? Ga mai laifi ya kawo kansa."

Ta zauna a kan dutse. Ta ce, "Malam Habu, dashenku ba ya kamawa, ba abin da za a rubuta a takarda daga can. Saura tsohon filin. Ƙa'idar kuwa ta ce ba a ba ka lada don ka tsare abin da dama ba ya cikin haɗari. Sai ka nuna cewa ba don kai ba, da an lalata shi. Sun daɗe suna neman wanda ke lalata shi, mutanen nan kuma ba sa lalatawa. Sai ga hoton rumfa."

"Injin otal ɗin fa? Shi ba haɗari ba ne?"

"Shi yana da izini."

Na ce, "Wato in ma'aikacinsu ne ya yanka, hoton ba shi da amfani."

Ta ce, "Ka gane."

Na roƙe ta ta rubuta mini in dangwala. Ta ce ta riga ta yi faɗa da su a kan wannan magana, za su ce ita ta sa mini kalmomi a baki. Amma akwai masu bincike na waje da ke zuwa lokaci-lokaci, su ne ke duba ko takardar ta cancanta, kuma dole su karanta duk ƙorafin da ya zo a rubuce. Ta ce in maganata ta zo daga wurina, yadda na faɗa mata ita, har da akuyar, za ta sa a fassara ta miƙa da hannunta. Ta rubuta mini inda zan aika, na naɗe na sa a aljihu ban san me ke jiki ba.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sallame, na miƙe a masallaci. Idrisa ya tsaya kusa da ni ya fassara. Na ce ni na jawo musu wannan igiya, su yafe mini. Wani dattijo a sahun gaba ya ce wata magana, mutane suka yi 'yar dariya.

Na ce, "Me ya ce?"

Idrisa ya ce, "Wai sun sani tun ranar farko. Wa ke da lauje a bakin teku?"

Labari ya kai ofis. Aka ce ina ta da hankalin jama'a. Kwana uku aka ba ni in haɗa kayana.

Zango na ƙarshe gidan Baba Salim ne. Na same shi a bakin igiya yana gyaran kejin da ba inda zai kafa shi. Ruwa ya janye. Ya kama hannuna ya nuna mini can ciki. Na daɗe ina neman wurin da na yanka. Ba don na riƙe wani dutse da ke gefensa ba, da ban gane shi ba. Ya toho, ya cike, ganyen ma ya fi na kewaye haske. Can gefen otal kuwa ƙarafanmu suna tsaye a yashi tsirara.

Na miƙa masa kwanonsa, wayam. Na ce ya yi haƙuri, abin da na taɓa zubawa a ciki shi ya raba shi da abincinsa. Ya ture kwanon ya dawo ƙirjina.

Ya ce, "Tafi da shi. Tunda a garinku ba a mayarwa haka nan, ka riƙe sai ka sami abin zubawa. Amma ban da ciyawa."

A ƙofar jirgi aka ba ni fasfona. Laujen ba a ba ni ba.

Da na dawo Kano, kafin in koma kan harawa, na je wurin wani mai rubuta wa mutane wasiƙa. Na ba shi labari tun daga farko. Ya rubuta shafi guda da Turanci mai nauyi. Na ce ya karanta mini da Hausa. Sai na ji ni talaka ne mai iyali, ina roƙon a tausaya a mayar da ni aiki. Ba kwano, ba akuya, ba Baba Salim.

Na ce, "Malam, ina akuyar?"

Ya ce, "Haba Baba, Turawa za ka aika wa zancen akuya? Ai sai su raina ka."

Na gwada wani, shi kuma ya mayar da ni jarumin da ya tona asirin azzalumai. Shi ma ba ni ba ne. Ni mutum ne da ya yi kyauta ba tare da ya san dokar wuri ba, ya kuma yi shiru kwana biyar. Na ga in dai ba ni na riƙe alƙalamin ba, kowa nasa Habun zai rubuta. Shi ya sa na shiga aji. Damina biyu ta wuce ina fama da baƙaƙe, hannun da ya saba da lauje yana karya fensir. Hajara takan leƙo ta ce, "Ɗalibi, tuwo zai huce."

Idrisa yana aiko mini da saƙon murya jefi-jefi. Har yanzu igiyar tana nan. An sayar da akuyar. Baba Salim ya rage fita, amma yakan tambayi mai ciyawa. Ban sani ba ko wannan takarda za ta isa a kan lokaci, ko za a karanta ta, ko za a sa ta a aljihun tebur kusa da laujena. Kwanon yana kan kantar ɗakina, kuma wannan rubutu ne abin da na samu na zubawa.

Ga masu binciken da za a miƙa wa: Manaja ya ce in rubuta, ga shi na rubuta. Ni Habu, mai sayar da harawa a Yakasai cikin birnin Kano, ni na yanka ciyawar nan, da laujena, yatsu huɗu daga ƙasa, saboda akuyar da ba ta ma ci ba. Baba Salim bai aike ni ba. Mutanen ƙauyen ba su taɓa cutar da filin ba. In kuna neman abin da ke kashe ciyawa, ku bi ƙarar injin. Ku cire igiyar.